Masana Kwamfuta Da Hakkin Mai Tambaya

A yau da wuya a sami wata harka ta gwamnati ko ta makaranta a birnin Sakkwato wadda ba ta bi ta cikin kwamfuta ba. Albashin ma'aikaci da fanshon wanda ya ajiye aiki, rajistar ɗalibi da sakamakon jarrabawarsa, lambar shaidar ɗan ƙasa da kuɗin ajiya na banki, duk a cikin na'ura suke kwance. Wannan canji kuwa ba rana ɗaya ya zo ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan ma'aikatanta albashi ta tsarin IPPIS. A 2014 aka shigo da lambar BVN a bankuna. Tun daga 2015 Hukumar JAMB ta bar yin jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, ta zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta. A watan Disamba na 2020 kuma aka ba da umurni kowane mai waya ya haɗa layinsa da lambarsa ta NIN.

To, duk ranar da na'ura ta cije, mai bukata ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa sai ta wanda ya san kanta, watau ma'aikacin sashen kwamfuta na ma'aikata, ko mai gyara a shago, ko akawun da ke bayan kanta a banki. Amsar da wannan mutum ya bayar ita ce za ta nuna ko dattijon da ya taso daga Isa ko Kebbe zai koma gida da biyan bukata, ko kuwa zai yi sawu biyar a banza. Saboda haka lokaci ya yi da za a dubi irin amsoshin da masana ke ba jama'a, domin amsa wani sashe ce ta aikin da aka ɗauke su su yi, kuma amana ce a wuyansu.

Amsar da kunne ya fi sabawa da ita a ofisoshi da bankuna ita ce, "Ba netwok, a dawo gobe." Wani lokaci gaskiya ce tsantsa. Ran 14 ga watan Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da sadarwa suka tsaya cik a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. A irin wannan rana babu abin da ma'aikaci a Sakkwato zai iya yi sai haƙuri. Amma fa kalmar netwok ta zama bargon da ake lulluɓa wa cututtuka iri iri, waɗanda magungunansu suka sha bamban. Ta yiwu waya ce ta zare a bayan tebur. Ta yiwu kuɗin data na ofis ne ya ƙare ba a biya ba. Ta yiwu turken kamfanin sadarwa ne ya rasa man janareto. Ta yiwu saba, watau babbar na'urar da ke riƙe da bayanai a Abuja ko Legas, ita ce masu nema suka yi wa yawa. Ta yiwu kuma duk waɗannan lafiya lau suke, matsalar a cikin bayanan mai neman take.

Wannan na ƙarshe shi ya fi cin mutanen Arewa. Mutum guda sai a tarar an rubuta shi Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammad a wajen masu ba da lambar ɗan ƙasa. Usmanu ya zama Usman a nan, ya zama Uthman a can. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, akawu biyu daban daban sun ƙaga masa ranaku biyu daban daban. Na'ura kuwa ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, harafi take gwadawa da harafi, in ba su dace ba ta ƙi. Irin wannan matsala ko an dawo gobe, ko an dawo baɗi, tana nan daram sai an je an gyara sunan a inda aka yi kuskuren. Ma'aikacin da ya ga haka a kan allonsa, amma ya ce wa tsoho "Baba, netwok ne," don kawai ya rage layi, lalle ya cuce shi kuɗin mota da wuni guda, ya kuma hana shi sanin inda zai nufa.

Alhali kuwa na'urar kanta takan faɗi inda ciwon yake. Sa'ad da shafin intanet ya ƙi buɗewa, sau da yawa yakan nuna lamba. Lambobin da suka fara da 4, kamar 404, suna nuna cewa abin da aka nema ne ba a samu ba, ko kuwa neman ne bai yi daidai ba. Waɗanda suka fara da 5, kamar 500 da 503, suna nuna cewa laifin daga saba yake, mai nema ba shi da hannu. Wannan ilmi ne da ɗan ajin farko na sashen kwamfuta ya sani. Faɗa wa mai tambaya shi cikin Hausa ba zai ci minti guda ba, amma zai raba shi da zargin kansa, ya kuma san ko jira zai yi ko gyara.

Amsa ta biyu ta shagunan gyara ce, kuma ɗalibai ta fi shafa. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko na Jami'ar Jihar Sakkwato, ko na Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi ana saura mako guda ya miƙa kundin bincikensa, abin da yakan ji da fari shi ne, "Sai an yi fomatin." Da yawa ba su san cewa fomatin shafe faifan ajiya yake nufi ba, sai bayan an gama. Alhali ƙin tashin kwamfuta ba ya nufin abin da ke cikinta ya salwanta. A mafi yawan lokuta ana iya ciro faifan, ko a tayar da na'urar ta filash, a kwashe fayiloli zuwa wani wuri kafin a taɓa komai. Aikin yana cin sa'a ɗaya ko biyu, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake shi. Mai gyaran kirki zai fara da tambaya ɗaya: "Malam, akwai abin da ba ka da kwafinsa a ciki?" Wanda bai yi wannan tambaya ba tamkar likita ne da ya ɗauko wuƙa bai ji inda ke yi wa majinyaci ciwo ba.

Daɗin daɗawa, ba kowace cuta ce bairos ba, ko da yake shi ne ake ɗora wa laifin komai. Sakkwato gari ne mai zafi, daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura kan cika ko'ina. Ƙura na toshe fankar da ke sanyaya cikin na'ura, na'urar ta ɗauki zafi, ta rage gudu da kanta, ko ta mutu don kare kanta daga ƙonewa. Wutar lantarki mai hawa da sauka, da ta ƙaramin janareto, suna kashe caja da batir. Duk waɗannan babu wanda fomatin ke warkarwa. Wanda aka yi wa bayanin haka zai riƙa share na'urarsa, ya daina ɗora ta bisa katifa, ya nemi abin daidaita wuta. Wanda ba a yi wa ba zai komo shagon bayan wata biyu da cuta iri ɗaya. Ana iya cewa hakan riba ce ga mai shago, amma riba ce ta ɗan lokaci, domin a gari irin Sakkwato labarin mai gaskiya da na maras gaskiya ba ya kwana bai zaga ba.

Amsa ta uku ita ce mafi haɗari, domin ita ce ke rufe bakin mai ƙara: "Haka kwamfuta ta nuna." Ma'aikaci ya ga albashinsa ya ragu, ɗalibi ya ga an ba shi sifiri a darasin da ya tabbata ya rubuta, sai a nuna masa allo a ce magana ta ƙare. A nan an mai da na'ura shaidar da ba ta ƙarya, alhali ɗan Adam ne ya rubuta manhajarta, ɗan Adam ne kuma ya shigar mata da bayanai.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa wa'azi. A 1999 Hukumar Gidan Waya ta ƙasar ta soma aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya yi. Ba da daɗewa ba masu kula da ƙananan gidajen waya suka soma ganin giɓin kuɗi a lissafinsu, kuɗin da ba su taɓa ba. Da yawa daga cikinsu sun ba da shaida cewa da suka buga waya sashen taimako, sai aka ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutane fiye da 900 gaban shari'a bisa tuhumar sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin, wasu sun mutu da tabon ɓarayi. Sai a watan Disamba na 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai sun kai ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, Babbar Kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai masu iya haifar da giɓin. A 2024 Majalisar Dokoki ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Da tun farko masu amsa waya sun ce, "Wasu ma sun kawo irin wannan kuka, ana bincike," da bala'in bai kai haka ba.

A nan gida ma akwai misalai biyu da ya kamata a jera su a gwada. Ran 25 ga watan Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na Hukumar Zaɓe a kan lokaci, alhali na 'yan majalisa yana hawa. Abin da jama'a suka ji a lokacin shi ne an sami tangarɗar na'ura. Cikakken bayani bai fito ba sai a rahoton da Hukumar ta fitar a watan Fabrairu na 2024, inda ta ce an tsara manhajar ne ta ajiye kowane sakamako ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ƙasar ce baki ɗaya, sai saba ta rasa inda za ta ajiye shi. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, abu ɗaya a fili yake: shekara guda da aka yi babu bayani ta ba zato da jita-jita filin da suka yi saiwa.

Misali na biyu na Hukumar JAMB ne. Da sakamakon jarrabawar 2025 ya fito, iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin da aka ba su bai yi kama da ƙoƙarinsu ba. Ran 14 ga watan Mayu shugaban Hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an yi kuskure. Ya ce wani gyara da aka yi wa manhajar bai kai ga wasu sabobi ba, abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Kuskuren babba ne, kuma bai kamata a ce ya faru ba. Amma amsar ta faɗi abin da ya lalace, ta faɗi yawan waɗanda abin ya shafa, ta faɗi abin da za a yi da lokacin da za a yi shi. Ƙaramin ofis a Sakkwato ba ya bukatar taron 'yan jarida don ya yi koyi da wannan.

Mutanen Sakkwato kuwa ba baƙi ba ne ga ladabin tambaya da amsa. Garin nan a kan ilmi aka kafa shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littafin Usulus Siyasa ne don amsa bukatar Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Nana Asma'u ta zuba ilmi cikin Hausa da Fulatanci, jajis suka kai shi ƙauyuka ga matan da ba su jin Larabci, domin ta san ilmin da mai bukata bai fahimta ba bai kai gare shi ba tukuna. An kuma ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar nan, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu, hakan kuwa bai rage masa daraja ba. Masanin kwamfuta da ke jin kunyar cewa "Ban gane matsalar ba tukuna, bari in bincika," har ya gwammace ya jefo wata kalmar Turanci don ya tsere, ya dubi wannan misali da kyau.

Adalci ne kuma a dubi halin da masanan ke ciki. A ma'aikatu da yawa sashen kwamfuta mutum ɗaya ne ko biyu, a ƙaramin matakin albashi, babu kuɗin sayen kayan gyara, babu ikon taɓa saba domin makullinta na hannun ɗan kwangila ko hedkwata. Ba a neman shawararsu sa'ad da za a sayo na'urori, sai sun lalace a tuna da su. Wani kuma yana tsoron in ya ce kuɗin intanet ne ba a biya ba, ya tona asirin na sama da shi. Ga kuma tsofaffin na'urori: ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10, kuma duk ofishin da ke aiki da ita ba tare da wani tanadi ba, ƙofarsa a buɗe take ga ɓarayin bayanai. Ma'aikacin da aka ba wa irin waɗannan kayan aiki aka ce ya yi abin al'ajabi, ba mamaki in ya fake da netwok. Duk da haka, ƙuncin da yake ciki ba hujja ba ce ta sauke nauyin a kan talakan da ke gabansa, wanda ya fi shi rauni.

Mai tambaya ma yana da nasa nauyin. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya faɗi inda za shi. Wanda ya ajiye na'ura ya ce "Ta ƙi yi" kawai, bai taimaki mai gyara ba. Ya kamata ya faɗi abin da yake yi sa'ad da abin ya faru, da saƙon da allo ya nuna, in da hali ma ya ɗauki hotonsa da waya. Ya faɗi ko na'urar ta faɗi ƙasa, ko shayi ya zube mata, ko an soka mata filashin wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowane ɗalibi da ma'aikaci kuma ya riƙa ajiye kwafin muhimman takardunsa a wuri biyu, ya kuma kiyaye kada ya ba kowa lambar sirrinsa ta banki, ko da wanda ya kira ya ce daga banki yake, domin 'yan damfara ma da rigar masana suke zuwa.

Bisa ga wannan, akwai abubuwan da hukumomi za su iya yi ba tare da kashe wani kuɗi mai yawa ba. Kowane ofishin da ke hulɗa da jama'a ta kwamfuta ya buɗe littafin koke, a rubuta sunan mai kuka da kwanan wata da abin da allo ya nuna da ranar da aka ce ya dawo, a ba shi 'yar takarda ya riƙe. Da wannan littafi Darakta zai gane ko kukan mutum ɗaya ne ko na mutum ɗari, abin da ya ɓace wa mutanen Birtaniya shekaru ashirin. In saba ta tsaya, a liƙa sanarwa cikin Hausa da Turanci a bakin ƙofa tun da safe, in abin zai ɗauki kwanaki a sanar ta Rediyon Rima, don kada mutanen ƙananan hukumomi 23 na Jihar su yi asarar kuɗin mota. Ƙa'idar sa wa'adi ba sabuwa ba ce. Tun 2004 Gwamnatin Tarayya ta kafa SERVICOM don ma'aikatu su faɗa wa jama'a aikin da za su yi musu da tsawon lokacin da zai ɗauka, a 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya sa wa bankuna wa'adin sa'o'i na mayar da kuɗin da na'urar cire kuɗi ta riƙe.

Makarantun da ke yaye masana, irin su Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da jami'o'in nan biyu, ya kamata su gwada ɗalibansu a kan bayani kamar yadda suke gwada su a kan lissafi. A kawo wa ɗalibi wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, a ce ya fahimtar da shi matsala cikin Hausa a minti biyu, a ba shi maki a kan haka. Masu shagunan gyara kuwa su haɗa kai su sa wa kansu ƙa'ida cewa ba a shafe faifan kowa sai an faɗa masa abin da zai rasa ya yarda, ba a kuma leƙa hotuna da takardun mutane. Wannan na biyu ya wuce ladabi kawai, domin tun watan Yuni na 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Babu mai hankalin da zai ce na'ura kada ta lalace, kamar yadda babu mai cewa mota kada ta mutu a hanya. Abin da jama'ar Sakkwato ke da hakkin samu shi ne, in ta lalace a faɗa musu gaskiyar abin da ya faru cikin harshen da suke ji, a faɗa musu abin da za su yi, in kuma ba a sani ba a ce ba a sani ba. Manyan Sakatarori da shugabannin makarantu da manajojin bankuna su ne ke da ikon sa wannan ya zama al'ada a ofisoshinsu, kuma su ne za a tambaya in bai zama ba. Allah ya sa su ji, su kuma aikata.